Muryar da Yaya Ke Yi wa Faci

Yayana mai gyaran kwamfuta ne a wata kwaleji. Shekara ashirin da shida ke nan yana aiki a ɗaki ɗaya, ƙarƙashin matakalar bene, inda a da masu shara ke ajiye bokiti da tsintsiya. Ɗakin ba taga, sai fanka ɗaya da tebur biyu da tulin kwamfutocin da aka ce sun mutu, waɗanda shi bai yarda sun mutu ba. Abokan aikinsa Bari-Ta-Gama suke kiransa, saboda amsar da yake ba kowa ke nan. Ka shigo a guje ka ce firintar ofishinku ta ƙi, ana jiran takarda, zai dubi allon da ke gabansa inda rubutu ke ta hawa, ya ce maka bari ta gama. Har shugaban kwalejin ya taɓa shan wannan amsa, a tsaye.

Ni ce autar gidanmu, shekara tara ya ba ni, kuma tun ina ƙarama na san shi da wannan hali. Yana ɗan shekara goma sha huɗu ya kwance rediyon babanmu, wadda ba abin da ya same ta, don kawai ya ga cikinta. Sati uku kusoshinta na jere a kan faranti, ƙanana gefe guda manya gefe guda, babanmu na zuwa maƙwabta jin labarai. Da ya mayar da ita ta yi magana, har ta fi da, amma babanmu bai sake barin ta a falo ba. Yaya ba ya son abin da aka gama aka miƙo masa, sai ya san yadda aka yi kafin hankalinsa ya kwanta.

Saboda haka ranar da ya gano akwai wani nau'in Linux da ba ya zuwa a shirye, sai ya samu wurin zama. Linux babbar manhaja ce da ke tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, kuma yawancin masu amfani da ita a haɗe suke saukewa su ɗora, su ci gaba da harkarsu. Irin ta Yaya kuwa, ɗanyen rubutun da masu manhajar suka rubuta ake saukowa da shi, ƙunshi-ƙunshi, sai kwamfutarka ta zauna ta harhaɗa kowane ƙunshi da kanta, kai kuma ka faɗa mata abin da za ta sa da abin da za ta bari. Ya taɓa kwatanta mini da bambancin rigar kanti da ta tela. Na ce masa mai sammakon zuwa aiki rigar kanti yake saya. Ƙaramin ƙunshi minti biyu ne, babba kuwa sai ya ci yini guda, Yaya na zaune da kofin shayi yana kallon rubutu na gudu. In abu ya tsaya da jan rubutu a allo, fuskarsa ma sai ta fi sakewa.

A kwalejin ya samu matarsa. Ita ce mai buga takardu a ofishin rajista, kuma duk ginin an san ba wanda ya kai ta saurin yatsa. Shi ba ya magana, ita kuma ba ta jira, har yau ban san yadda aka yi suka daidaita ba. Ni Anti nake kiranta, ita tana ce mini Auta, shi kuma Malam take ce masa, da wata irin murya da ba za ka gane girmamawa ce ko tsokana ba. 'Yarsu ɗaya, ta yi aure tana wani gari.

Shekara goma sha huɗu da suka wuce idon Anti ya fara rufewa daga gefe. Ni ma'aikaciyar jinya ce, ni na raka ta asibiti, kuma tun kafin likita ya gama bayani na san inda maganar za ta tsaya. Ruwan ido ne ya yi yawa ya danne jijiya, abin da ya tafi ba ya dawowa. Cikin shekara biyu sauran ma ya bi. Ta ajiye aiki ta koma ɗaki, wata takwas tana zaune a bakin gado hannu a cinya, ka gaishe ta ta amsa, ka yi shiru ta yi shiru. Dangi muka yi ta zuwa da nasiha, kowa da irin tasa, ba wadda ta shiga.

Yaya bai iya lallashi ba, bai ma gwada ba. Wata rana dai ya shigo da wata kwamfutar da kwalejin ta yar, ɗauke a kafaɗa, ya ajiye a kan tebur a ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin. Kwana goma yana harhaɗa ta, ya cire duk wani ado da bai zama dole ba don tsohuwar na'urar ta samu numfashi, ya sa mata manhajar da ke karanta rubutu a bayyane. Muryar ta wani namiji ce mai kama da wanda mura ta kama, kuma don wani harshe aka yi ta, saboda haka in ta karanta namu sai ka rantse zagi take. Amma tana da wani fayil da ake rubuta mata yadda za ta furta kowace kalma. Daga nan suka samu abin yi su biyu. Anti na bugawa tana saurare, duk kalmar da muryar ta kwafsa sai ta tara, Yaya ya dawo da yamma ya ja kujera kusa da ita ya yi ta gwadawa har ta ce ya yi. Biyar yau, goma gobe, sunayen mutane da na unguwanni, kalmomin asibiti da na kotu. Cikin shekara goma sha ɗaya fayil ɗin ya haura kalma dubu tara.

Da wannan murya Anti ta samu aikin da take yi daga gida. Wani ofishin lauyoyi ne ke naɗar bayanan shaidu, su turo mata sautin ta intanet, ta saurara ta buga, sannan muryar ta karanto mata abin da ta buga ta gyara kurakurai, ta mayar musu. Gudun da take sa wa muryar ni ban taɓa tsintar kalma ɗaya a ciki ba, kamar ana zuba tsakuwa a kwano. Ƙarfe takwas take rufe ƙofa ta sa abin kunne, kuma in ka ƙwanƙwasa kafin azahar kai ka jiyo. Mutum shida ne a jerin masu buga wa ofishin, ita kaɗai ce ba ta gani, kuma shekara tara ba ta taɓa ba su dalilin tuna hakan ba. Kowa a danginmu ya san wannan aikin ne ya taso da ita daga bakin gado.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne muryar marainiya ce. Waɗanda suka rubuta ta sun daɗe da watsar da ita, masu kula da jerin ƙunshin ma suka cire ta daga jeri. Yaya ya ajiye kwafin ɗanyen rubutunta, duk lokacin da aka sabunta wani abu ta ƙi haɗuwa, sai ya shiga ciki ya yi mata faci da hannu. In facin ya gagara, sai ya hana ƙunshin da ya jawo matsalar sabuntuwa. To amma jingine suke da juna, in ka riƙe ɗaya dole ka riƙe uku da ke kansa. Jerin waɗanda ya riƙe ya tashi daga layi uku ya kai sittin. Da farko duk sati yake sabunta kwamfutar, ya koma duk wata, daga baya ya ce tunda tana aiki a ƙyale ta. Shekara biyu da rabi bai sabunta ta ba, mutumin da kullum ke yi wa malaman kwaleji faɗa a kan rashin sabunta nasu.

Ina gidansu a satin da abin ya faru, na ɗauki hutu ana gyaran rufin gidana. Ranar Talata saƙo ya zo daga ofishin lauyoyin cewa sun koma sabon shafi, daga yanzu ta can za a riƙa karɓar aiki ana mayarwa. Duk mai aiki a hannu ya shigar da shi kafin ƙarfe goma na safiyar Litinin, wanda bai yi ba za a raba nasa ga sauran. Anti na da sauti goma sha huɗu a hannu. Ta gwada shiga, tsohuwar burauzarta, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta ƙi ko nuna mata ƙofa. Na ce ga kwamfutata ta hannu, a yi da ita mana. Yaya ya ce ofishin ya ɗaure kowane mai bugawa da kwamfutar da aka yi masa rajista da ita, wata ba za ta shiga ba. Ke nan sai an samu sabuwar burauza da tsohuwar murya a na'ura ɗaya, cikin kwana biyar. Ya ɗauki hutun kwana uku, ya kwafe jakar fayilolin Anti zuwa wani faifai na waje kamar yadda ya saba yi duk Juma'a, ya jona ƙaramin allonsa, don kwamfutar Anti ba ta da allo.

Ranar Laraba ya umarci kwamfutar ta lissafo abin da za a sabunta. Ta yi minti arba'in tana tunani, sannan ta amayo ƙorafin da ya fi allon tsawo sau goma. Wannan ƙunshi ya ce sai an sabunta wancan, wancan ya ce ba zai haɗu ba sai da sabon wani na uku, na ukun kuma ya ce a fara da na farko. Ita kanta manhajar da ke harhaɗawar ta tsufa, ba ta gane salon sababbin umarnin. Yaya ya je ya bugo ƙorafin a takarda, shafi goma sha ɗaya, ya baza a ƙasan falo, ya durƙusa da fensir. Na tsallake takardun zan wuce ya ce in bi a hankali. Na tambaye shi me yake nema a ciki, ya ce kuskuren farko, wai mutane daga ƙasa suke karantawa shi ya sa suke ruɗewa, na saman nan shi ne mai laifi, sauran duk 'yan rakiya ne. Wannan ce magana mafi tsawo da ya yi mini a satin.

Haka ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ya fara sabunta mai harhaɗawar, mataki-mataki, don ba ta iya tsallake shekara biyu da rabi a tashi ɗaya. Waɗanda ke jiran juna kuma ya raba musu gardama, ya haɗa ɗaya a gurguje ba tare da abin da yake nema ba, ya haɗa sauran a kansa, sannan ya dawo ya sake haɗa na farkon cikakke. In kwamfutar na wannan aiki muryar sarƙewa take yi, don haka suka raba yini, safe na Anti, daga azahar na Yaya. Ita kuwa ba ta buƙatar allo ta san halin da ake ciki. Muna kicin ni da ita, ina yanka albasa, sai ta ɗaga kai.

"Malam, ta tsaya."

Yana falo kan takardunsa, ya ce ba ta tsaya ba, yanzu ya duba. Ta ce ƙarar fankar ta sauka, ya je ya gani. Ya je ya tarar da jan rubutu. Sau huɗu aka yi haka a gabana, ba ta kuskure ko sau ɗaya ba, shi kuma bai fasa musu ba ko sau ɗaya.

Ranar Juma'a da azahar aka zo wurin da dole muryar ta mutu kafin a wuce, domin ƙunshin da take jingine da shi ne za a sauya. Anti ta gama buga goma sha huɗun duka, ta saurari biyar ta gyara, saura tara. Ta ce a ba ta yini ɗaya ta ƙarasa. Yaya ya ce burauzar kaɗai za ta ci kusan kwana, in aka jira Litinin za ta same su ba a gama ba, amma ya yi mata alkawarin muryar za ta dawo kafin Lahadi da rana. Ta yi lissafi da yatsunta, ta ga awa takwas ta ishe ta, ta cire abin kunne ta tashi daga kujerar.

Asabar da sassafe ya ɗora burauzar. Awa shida tana tafiya lafiya, sai ta faɗi, wai ƙwaƙwalwar na'urar ta cika. Ni na ce shi ke nan, Yaya ko gezau. Ya ware wani yanki na faifan cikin na'urar ya ba ta aro, ya ce mata ta riƙa yin aiki ɗaya a lokaci guda maimakon biyu, ya sake ɗorawa daga farko. Yanzu awa ashirin da biyu za ta ci. Ya koma falo da ɗanyen rubutun muryar a takarda, yana neman inda za ta saɓa da sabon ƙunshin. Wuri uku ya samu, duk sunaye ne da aka sauya, ya rubuta facin da fensir a gefen takardar tun kafin ya samu damar gwadawa. Abinci sai na tsaya a kansa yake ci. Anti kuma ta wanke duk labulen gidan, waɗanda ba su yi datti ba, ta goge kayan da aka riga aka goge.

Lahadi bayan azahar fankar ta sauka, kuma wannan karon ba jan rubutu. Ya sa facinsa ya harhaɗa muryar, ta haɗu a gwaji na biyu. Ya buɗe sabon shafin, ga ƙofar shiga nan tsaf. Ban taɓa ganin Yaya ya yi murmushi da haƙora ba sai ranar. Ba zan ɓoye ba, na yi alfahari da shi.

Saura abu ɗaya. Irin wannan Linux ba ta taɓa fayilolin saitin da mutum ya gyara da hannunsa. In sabo ya zo, sai ta ajiye shi gefen tsohon ta jira, daga ƙarshe ta tambaye ka ɗaya bayan ɗaya, ka riƙe naka ko ka ɗauki sabo. Yaya kullum ɗaya bayan ɗaya yake dubawa, har ya taɓa cika mini kunne a kan cewa wawa ne kaɗai ke amsa tambayar da bai karanta ba. Amma shekara biyu da rabi sun taru, fayil ɗari da arba'in da uku ne ke jira. Ya fara dubawa, Anti na zaune a kujerar gefe da abin kunne a cinya. Ya duba talatin, duk bambancin ba na a zo a gani ba ne, nan an ƙara bayani, can an gyara layi. La'asar ta yi. Ni ina tsaye a bakin ƙofa ina kallon agogo, raina ya gama ɓaci da wannan sanyin nasa.

"Yaya, don Allah. Baiwar Allah na da aikin awa takwas, kai kana karatun layi-layi."

Ya dube ni, ya dubi Anti. A ƙasan allon akwai zaɓin da ke cewa a ɗauki sababbin duka ba tambaya. Ya danna shi. Ko daƙiƙa biyu ba a yi ba aka gama, ya tashi ya ba ta kujera.

Ta sa abin kunne ta buɗe fayil na shida. Yatsunta na kan madannai ba su motsa ba. Ba ta fi daƙiƙa goma ba ta cire.

"Malam, kalmominmu sun tafi."

Ya karɓa ya saurara, ya ce facin ne bai zauna daidai ba, bari ya sake harhaɗawa. Ta ce muryar lafiyarta ƙalau, ita ce dai ta ranar farko, ya duba fayil ɗinsu. Bai duba ba. Mutum ne da duk abin da ya lalace masa, hannunsa wurin sake harhaɗawa yake fara zuwa, kuma kwana biyu ya yi yana zargin facin nan. Ya goge ya sake ɗorawa, aka yi minti hamsin rubutu na gudu, muryar ta dawo da gwarancinta. Sai a lokacin ya buɗe fayil ɗin. Layi goma sha biyu ne a ciki, misalan da ke zuwa da manhajar tun asali.

Na ce ai akwai kwafi, da idona na ga ya yi ranar Talata. Bai juyo ba ya ce jakar Anti yake kwafewa, fayil ɗin kuma ba a jakarta yake ba. Yana can wurin saitin na'urar, inda ya fara samun sa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Ya yi niyyar matsar da shi, bai samu yi ba, saboda duk lokacin da aka tambaye shi yakan ce a riƙe nasa, kuma hakan ya ishe shi. Ya kashe kwamfutar, ya ciro faifan ya jona a tawa, ya shiga laluben gurbin da tsohon fayil ɗin ya bari. Da a ce ya kashe tun lokacin da ta yi magana, da wataƙila an tsamo shi duka. Minti hamsin ɗin nan na sake harhaɗawa sun bi ta kan gurbin sun taka. Kalma ɗari biyu da 'yan kai ya tsinto, wasu ma rabi-rabi.

Anti ta gwada sa muryar ta riƙa karanto mata baƙi-baƙi. Shafi ɗaya ya ci mata kusan awa, kuma sauran taran sun haura shafi ɗari biyu. Na ce ta tura su haka, ai hannunta ba ya kuskure sosai. Ta ce bayanin shaida ne, suna ɗaya ko rana ɗaya ta goce, wani ne zai kwana a ciki. Sai Yaya ya jawo kujera ya zauna gaban allon, ya ce zai karanta mata da bakinsa, ita ta riƙa gyarawa, in sun dage za su gama kafin goma.

"Kashe allon nan, Malam," in ji ta.

Ya ce ba wanda zai sani.

"Na sa hannu cewa ba idon da zai ga takardun nan, ba kunnen da zai ji, sai nawa. Akwai matar da ta faɗi abin da ko uwarta ba ta sani ba a cikin na bakwai. Ba zan buɗe maka ba."

Ya miƙa hannu ya kashe allon. Na ji haushin ta a lokacin, na ga kamar taurin kai ne, don ni a wurin aikina na ga an tsallake abin da ya fi wannan. Ban dai faɗa ba, bakina ya riga ya yi aikinsa na ranar.

Litinin ƙarfe tara ta shiga sabon shafin ba wata tangarɗa, burauzar na gudu kamar ba a tsohuwar na'ura ba. Ta tura biyar ɗin da ta gyara, ta kira shugabar masu bugawa ta ce a raba sauran taran, na'urarta ta samu matsala kuma ba ta san ranar da za ta dawo daidai ba. Ba ta ambaci Yaya ba. Matar ta yi mata magana mai daɗi, ta ce ba za a cire ta ba, za a mayar da ita cikin 'yan ko-ta-kwana. A wata huɗun da suka biyo baya sau biyu aka kira ta, duka biyun gajerun sautuka ne da wani ya kasa ɗauka. Sauran masu bugawa biyar ɗin sun riga sun saba da rabon da ya ƙaru musu, ofishin ma ya ga aiki na tafiya.

Na ba Anti haƙuri kafin in koma gidana, na ce ni na matsa masa. Ta ce, ke kika danna? Ta sa ni na ɗauko mata kwando a saman kabad, maganar ta wuce a nan. Yaya kuma ya koma ɗakinsa na ƙarƙashin bene yana sake rubuta fayil ɗin daga abin da yake iya tunawa, ya kai dubu da ɗari, kuma yanzu kwafi uku yake yi, ɗaya ma a gidana yake ajiyewa cikin ambulan. Abin da ya gagara shi ne sunayen da sau ɗaya suka taɓa fitowa, da kalmomin da sai da suka yi sati suna gardama kafin ta yarda, don ita ta san yadda suke a kunne, shi kuma ya manta yadda ya rubuta su.

Satin da ya wuce na je musu yini. Gidan lafiya, Anti na ta zolayarsa a kan ya sa gishiri a shayi, ta tambaye ni labarin 'yan wurin aikina ɗaya bayan ɗaya. Da yamma ya rako ni bakin titi, abin da bai saba yi ba. Muna tsaye muna jiran mota, ya yi ta murza makullin gida a hannu.

"Auta, ta ce miki wani abu?"

Na ce a kan me.

"A kan aikin. A kaina."

Na ce masa a'a, kuma gaskiya na faɗa. Ya gyaɗa kai yana kallon motocin da ke wucewa.

"Ni ma ba ta ce mini komai ba. Wata huɗu, ko sau ɗaya." Ya sa makullin a aljihu. "Da ma ta yi."

Motar ta zo na shiga. Da muka kai kwana na waiwaya, yana nan tsaye a bakin titin bai juya ba.